Hoton kaluluwar hammata a sankarar mama

Hoton kaluluwar hammata bincike ne da ake yi wa wadda aka samu da sankarar mama, ko ake zargin tana da ita, domin a gano ko ciwon ya tsallaka daga maman zuwa kaluluwar da ke ƙarƙashin hammata. Hanyar da aka fi bi ita ce sikanin, wato hoton da ake ɗauka da sautin da kunne ba ya ji, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Akwai kuma mamogiram da MRI da CT da PET, kowanne da inda ya fi amfani. Sakamakon shi ke taimaka wa likitoci su san matakin da ciwon ya kai, su yanke shawarar ko da tiyata za a fara ko da kemo, su kuma san yawan kaluluwar da za a cire.

Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Idan ya nuna kaluluwa mai alamar ciwo, sai an sa allura an ɗebo ɗan abin da ke cikinta an duba kafin a tabbatar. Idan kuma bai nuna komai ba, hakan ba shaida ba ce cewa hammatar lafiya lau take.

## Kaluluwa da hanyar da ciwon ke bi

Bahaushe ya san kaluluwa tun kafin zuwan asibiti. Yaro ya yi tuntuɓe, yatsa ya rure, bayan kwana biyu sai a ji ƙullutu mai zafi a matsematsinsa, a ce kaluluwa ta fito masa. Abin da ilimin likita ya ƙara shi ne ƙullutun dama can yana wurin, kumbura kawai ya yi. Jikin ɗan Adam yana da ɗaruruwan irinsa a wuya da hammata da ƙirji da ciki da matsematsi. Aikinsu tace wani farin ruwa da ake kira limf, wanda ke tsatsowa daga jini ya shiga nama, sannan ya bi wasu siraran magudanai ya koma jini. Duk abin da ruwan ya kwaso, ƙwayar cuta ce ko ƙwayar sankara, a kaluluwa yake fara maƙalewa, kamar yadda rariya ke tare tsaki.

Kimanin kashi uku cikin huɗu na ruwan limf ɗin mama hammata yake nufa, inda ake da kaluluwa 20 zuwa 40. Sauran yana bi ta bayan ƙashin ƙirji. A 1955 wani likita Ba'amurke, John Berg, ya raba kaluluwar hammata hawa uku, ya yi iyaka da wata ƙaramar tsokar ƙirji: hawa na ɗaya a gefenta ta waje, na biyu a bayanta, na uku a can sama kusa da ƙashin wuya. Sankara takan bi hawan ne a jere, ko da yake wani lokaci takan tsallake.

Bayan tiyata akan ƙirga kaluluwar da ciwon ya kama. Idan babu ko ɗaya sai a rubuta N0, ɗaya zuwa uku N1, huɗu zuwa tara N2, goma ko fiye N3. Lambar tana da nauyi sosai. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan ciwon bai bar mama ba, kusan kashi 99 cikin 100 na mata sukan kai shekara biyar, idan aka gwada su da sa'o'insu marasa ciwon. Idan ya kai kaluluwa adadin yakan sauko zuwa kimanin 87, idan kuma ya kai huhu ko hanta ko ƙashi yakan koma wajen kashi ɗaya cikin uku. Wannan lissafin ƙasar da magani yake a wadace ne, amma yana nuna abu guda da mutane da yawa ba su sani ba: sankarar da ta kai hammata har yanzu tana cikin wadda ake neman warkarwa gaba ɗaya.

## Dalilin da ya sa ake son sani kafin a yanka

Tun daga 1894, lokacin da William Halsted na asibitin Johns Hopkins ya wallafa sakamakon tiyatarsa, aka yi shekaru kusan ɗari ana kwashe kaluluwar hammata ga kusan duk wadda aka yi wa aikin sankarar mama. Sai bayan an cire ake duba ko akwai ciwo a ciki. Mata da yawa an kwashe musu a banza.

Kwashewar tana da illa. Idan aka datse magudanan limf, ruwan yakan taru a hannu, hannun ya kumbura ya yi nauyi, wani lokaci bayan watanni, wani lokaci bayan shekaru, kuma ba kasafai yake sacewa gaba ɗaya ba. Kimanin mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa hammata takan gamu da wannan. Akwai kuma sanƙarewar kafaɗa da mutuwar fatar damtse. Ga matar da rayuwarta ta rataya a kan daka da surfe da jan guga da goyo, hannun da ba ya ɗaguwa ba ƙaramar asara ba ce.

Lalube da hannu kuwa ba ya wadatarwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda likita ya taɓa hammatarsu bai ji komai ba, akan samu ciwon a ciki daga baya, musamman idan mace tana da jiki. Wata kuma a ji ƙullutu, ashe kumburin wata cuta ce daban.

## Sikanin

Mace takan kwanta rigingine ko ta ɗan karkata, ta ɗora hannunta a saman kai. A shafa man sikanin, a bi hammatar da kan na'urar daga ƙasa zuwa sama, wani lokaci har gindin wuya. Ba ya wuce 'yan mintuna, ba zafi, ba a buƙatar zama da yunwa, kuma ba shi da illa ga mai ciki ko mai shayarwa, domin babu hasken eksire a cikinsa.

Lafiyayyar kaluluwa a allon na'ura kamar ƙwayar wake take: tana da ɗan tsawo, da farar cibiya ta kitse a tsakiya, da siririn ɓawo mai duhu a kewaye. Ƙwayoyin sankara ta ɓawon suke shigowa, don haka shi ne farkon abin da ke canzawa. Idan kaurinsa ya wuce milimita 3, wato kamar ƙwayar dawa, ko ya yi tudu a gefe guda, mai hoton yakan tsaya ya duba da kyau. Idan ciwon ya ci gaba, cibiyar takan matse har ta ɓace, kaluluwar ta dunƙule ta yi baƙi. Na'urar da ke nuna gudun jini takan ƙara haske: a lafiyayya jini ta cibiya yake shiga, a mai ciwo kuwa akan gan shi yana shiga ta gefe-gefe. Girma shi kaɗai yaudara ne. Akan sami kaluluwa mai tsawon santimita 3 da kitse ne kawai ya cika ta, a sami ƙarama da ciwo ya cinye.

Idan aka ga wadda ba a yarda da ita ba, ana kallon allo ake tura allura har cikin ɓawon. Allurar iri biyu ce. Siririya takan zuƙo ƙwayoyi a shafa a gilashi, ta fi araha kuma sakamakonta ya fi saurin fita. Mai kauri, wadda ake kashe wurin kafin a sa ta, takan gutsuro ɗan zaren nama, wanda da shi ake iya gwada irin sankarar da maganin da zai yi mata. Idan allura ta ce akwai ciwo, da wuya ta yi kuskure.

Matsalar tana ɗaya ɓangaren. Wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya tattara bincike da yawa wuri guda, ya nuna cewa sikanin da allura suna kama kusan rabin matan da ciwon ya kai hammatarsu, kuma cikin mata huɗu da aka ce musu hammatar ba komai, ɗaya akan samu ciwon a tiyata. Dalili a fili yake. Ɗigon sankarar da bai wuce milimita 2 ba, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ba ya canza siffar kaluluwa yadda na'ura za ta gani. Madubin likita kaɗai ke ganinsa.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da sankara a hoto alhali ba ita ba ce, kuma a arewacin Nijeriya suna da yawa: tarin fuka da ya kama kaluluwa, cuta mai karya garkuwar jiki, ƙurjin mama na masu shayarwa, gyambo a hannu, har da allurar rigakafi da aka yi a damtse kwanan nan, kamar yadda aka gani a duniya a 2021 lokacin rigakafin korona. Saboda haka likita mai hankali ba ya gina magani a kan hoto kawai.

## Sauran hanyoyin hoto

Mamogiram, wato eksiren mama, an yi shi ne don maman kansa, ƙasan hammata kawai yake kamawa. MRI yana nuna mama biyu da hammata biyu da kaluluwar bayan ƙashin ƙirji a lokaci guda, amma yana da tsada, kuma idan ya ga abu sai an koma sikanin don a sa allura. CT na ƙirji da ciki ana yin sa ne idan ciwon ya girma ko hammata ta cika, domin a duba huhu da hanta da kaluluwar da ke can ciki. Inda ba a samu ba, akan yi eksiren ƙirji da sikanin ɗin ciki.

PET yana aiki ne da sukari mai ɗauke da sinadarin nukiliya, wanda ƙwayoyin sankara ke zuƙa fiye da sauran nama. Ya ƙware wajen gano ciwon da ya yi nisa, amma ƙananan ɗigo a hammata sukan kuɓuce masa, kuma tarin fuka ma yakan haska a cikinsa kamar sankara. Rabin ƙarfin sinadarin yana tafiya cikin minti 110, don haka dole a haɗa shi kusa da inda za a yi hoton. Wannan na cikin dalilan da suka sa na'urar ta yi ƙaranci a Afirka ta Yamma.

## Kaluluwa mai gadi

Abin da ya cike giɓin da hoto ya bari shi ne dabarar kaluluwa mai gadi. Ruwan limf ɗin mama yakan fara shiga kaluluwa ɗaya ko biyu kafin ya wuce sauran, kamar baƙon da dole ya bi ta zaure kafin ya shiga gida. Idan ta zauren ba ta da ciwo, da wuya na cikin gida su kamu. Ramón Cabañas ya bayyana wannan a 1977 a kan sankarar mazakuta, Donald Morton ya gwada shi a sankarar fata a 1992, sannan David Krag a 1993 da Armando Giuliano a 1994 suka kawo shi ga sankarar mama.

Ana yi wa maman allurar shuɗin rini, ko ta sinadarin teknishiyam, ko duka biyun. Idan da sinadarin ne, akan ɗauki hoto da kyamara ta musamman a ga inda ya taru, a ɗakin tiyata kuma a bi shi da wata 'yar na'ura mai ƙara. Idan da rini ne, likita da idonsa yake bin shuɗin zaren har ya kai ga kaluluwar da ta rine. Ita ake cirewa a kai ɗakin gwaje-gwaje. Kumburin hannu bayan wannan aiki bai wuce mace 5 ko 6 cikin 100 ba. A Nijeriya sashen aikin likita da nukiliya an fi saninsa a Asibitin Koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, kuma teknishiyam yana rasa rabin ƙarfinsa cikin awa 6. Shuɗin rinin metilin kuwa yana da araha, shi ya sa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka fi karkata gare shi, sai dai ba a yi wa mai ciki, kuma ana taka-tsantsan da masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, waɗanda suke da yawa a Nijeriya.

Daga nan aka ci gaba da rage yanka. Gwajin Z0011 na Amurka, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa wasu matan da aka cire musu ƙullutu kawai aka kuma yi musu gashin haske, ko da an sami ciwo a kaluluwa mai gadi ɗaya ko biyu, ba dole ba ne a kwashe sauran. A 2023 gwajin SOUND, wanda likitocin Milan a Italiya suka jagoranta a kan mata fiye da 1,400, ya ƙara gaba: matan da ƙullutunsu bai wuce santimita 2 ba kuma sikanin bai ga komai a hammata ba, an bar rabinsu ba a taɓa hammatar ba sam. Bayan shekara biyar, waɗanda ciwon bai bazu a jikinsu ba sun kai kashi 98 cikin 100 a ɓangarorin biyu. Gwajin INSEMA na Jamus da Ostiriya ya zo da irin wannan sakamako a ƙarshen 2024. A nan sikanin ya tashi daga mai share fage ya zama mai yanke shawara, amma ga rukuni ɗaya na mata kawai: masu ƙaramin ƙullutu, yawancinsu sun daina al'ada, masu irin sankarar da ba ta gaggawa.

## Halin da ake ciki a Rano da Kibiya

Sankarar mama ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijeriya. Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta sababbin masu ciwon fiye da 32,000 a ƙasar a 2022, da mutuwar fiye da 16,000. Bincike da yawa sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na mata a Nijeriya da maƙwabtanta sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti, kuma da yawansu ba su kai shekara 50 ba.

Rano da Kibiya ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a kudancin Jihar Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Rano mutum kimanin 145,000, Kibiya kimanin 137,000, mafi yawansu manoma. Matar da ta ji ƙullutu a Rurum ko Tarai takan fara da ƙaramin asibitin unguwa ko kemis, daga nan Babban Asibitin Rano, daga nan a tura ta birni ta hanyar Bunkure. A Kano akwai Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, inda ake da likitocin hoto da na tiyata da masu duba nama a wuri guda. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ya daɗe yana karɓar masu buƙatar gashin haske daga sassan arewa, kuma yana cikin asibitoci shida da gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa masu sankara a cikinsu a 2021.

Na'urar sikanin ba baƙuwa ba ce a garuruwan jihar, albarkacin awon ciki. Sai dai kan da ake duba ɗan tayi da shi mai lanƙwasasshen baki ne, an yi shi don ya hango abin da ke nesa a cikin ciki, ƙarfinsa wajen megahaz 3 zuwa 5. Hammata tana buƙatar kai mai miƙaƙƙen baki, megahaz 7.5 zuwa sama, wanda zai iya auna ɓawon da bai wuce milimita 3 ba, da kuma idon da ya saba da aikin. Takardar da aka rubuta "babu kaluluwa" bayan an duba da kan awon ciki ba abin dogaro ba ce.

Tambayar ma takan bambanta da ta Milan. Ga wadda ta zo da ƙullutu kamar lemo da hammata a cike, ba a neman dalilin barin hammata. Abin da ake so a sani shi ne ko ciwon ya hau hawa na uku ko gindin wuya, ko ya wuce zuwa huhu da hanta, domin irin wannan mace da kemo ya kamata a fara mata, a rage ciwon, sannan a yi tiyata. Ɗauko sakamakon SOUND a ɗora mata kuskure ne mai haɗari. Amma ga 'yan kaɗan da suka zo da ƙullutu kamar ɗan magarya, sikanin mai kyau da shuɗin rini suna iya tsare musu hannunsu.

Abubuwa biyu sukan ɓata hoton kafin a kai ga ɗaukarsa. Na farko shi ne sakiya ko tsaga ko ɗaura magani mai zafi a kan maman, wanda ke jawo ƙurji, kaluluwa ta kumbura, a rasa gane kumburin ƙwayar cuta ne ko na sankara. Na biyu shi ne a yanke ƙullutu a ƙaramin asibiti ba a duba hammata ba, ba a kuma aika naman gwaji ba. Bayan irin wannan yanka hammata takan yi makonni a kumbure, kuma an rasa shaidar da ta fi kowacce muhimmanci.

Akwai kuma maganar da ta daɗe a bakin mutane cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Ana iya gane asalinta: waɗanda aka sani an yi musu aiki suka rasu, yawancinsu sun je ne bayan ciwon ya riga ya bazu. Allurar gwaji ba ta rage wa mai ciwo damar warkewa, kuma ba tare da ita ba likita ba shi da hanyar bambance sankara da tarin fuka, waɗanda maganinsu ya yi hannun riga. Mai shayarwa ma tana iya yin sankara, don haka ƙullutun da bai baje ba bayan maganin ƙurji yana buƙatar hoto. Haka maza, ko da yake ba su wuce ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na sankarar mama da ta ƙaddamar a 2021, ta sa burin a kammala duba da hoto da gwajin nama cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Ga mai zuwa daga ƙauye, kwanakin sukan tafi ne a zirga-zirga: yau hoto, wani mako allura, wani mako sakamako, kowace tafiya da kuɗin mota na mutum biyu. Abin da ke rage wannan shi ne a duba mama da hammata a zama ɗaya, a yi allurar a ranar idan da hali. Ana so mace ta zo da duk takardun da aka taɓa ba ta, ta faɗi idan tana tari ko an yi mata rigakafi a wannan hannun, kada kuma ta shafa hoda ko turaren hammata ranar mamogiram, domin sukan fito kamar ɗigon ciwo. Wadda ta fi son mace ta duba ta tana iya neman hakan, ko ta shiga da 'yar rakiya.

## Bayan kemo

Idan an fara da kemo, akan maimaita sikanin a tsakiya da ƙarshe a ga ko kaluluwar ta sace. A wasu nau'o'in sankara, musamman masu alamar HER2, ciwon yakan ɓace daga hammata gaba ɗaya a fiye da rabin mata. Amma hoto a wannan mataki ya fi rauni, domin tabo da sauran ciwo sukan yi kama da juna. A manyan cibiyoyi akan dasa ɗan ƙarfe ƙanƙani a cikin kaluluwar da aka tabbatar da ciwonta tun kafin kemo, don a nemo ta a cire ta tare da mai gadi ranar tiyata. Inda babu wannan ƙarfe, wasu likitoci sukan yi mata alama da baƙin rinin gawayi. Inda babu ko ɗaya, abin da aka saba shi ne a kwashe hawa na ɗaya da na biyu, sannan a fara motsa kafaɗa da wuri bisa umarnin masu gashin ƙashi.